Labarin Saƙa da Rini a Ƙasar Kano

A zamanin dā riga ɗaya takan bi ta hannun mutane da yawa kafin ta kai wuyan mai ita. Manomi ya noma auduga. Mata su gurje ta, su shiɓe ta da baka, sa'an nan su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya ɗauka, ya yi ta jefa ƙoshiya, yana fitar da sawaye 'yan siri-siri. Maɗinki ya harhaɗa su. Daga nan sai karofi, inda marina ke tsoma tufa cikin ruwan baba da toka, su tsamo ta sha iska, su sāke tsomawa har ta yi baƙi. A ƙarshe mabugi ya zuba mata shuni, ya buge ta bisa gungume har ta riƙa walƙiya. Ko wane ɗayansu da wannan yake ci da iyalinsa.

Turkuɗin Kura ya yi suna ƙwarai wajen Buzaye. Ayarinsu kan sauka Fagge, bayan ganuwa, su sayar da gishiri su sayi tufafi. Wani Bajamushe, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Tumbutu da Gat, har Tarabulus.

Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, ba da jimawa ba aka kafa Sabon Gari. Akoko da alawayyo na Ingila suka shigo da araha, gama abin da mace za ta kwana bakwai tana kaɗi, inji ya gama shi nan take. Keken ɗinki kuma ya bazu, teloli suka cika Fagge. Cikin 1957 aka buɗe babbar masaƙa a Kaduna, Kano ma ta sami nata a Bompai da Sharaɗa. Amma ƙarancin wutar lantarki da yadin ƙasar Sin mai araha suka sa yawancinsu suka rufe.

Yau Fagge, wadda dā take sallamar tufafin Kano zuwa Hamada, ita ce mazaunin Kantin Kwari, inda yawancin yadin daga waje yake zuwa. Duk da haka karofin Ƙofar Mata bai mutu ba, masu aska takwas kuma ba su ajiye allura ba. Sai dai sana'ar da yara ba su koya ba, tare da tsofaffi ake binne ta.