Daga Allo Zuwa Wasan Kwamfuta: Tarihin Na'urorin Koyar da Rubutu a Ƙasar Maraɗi da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Garin Madarumfa yana kudu da Maraɗi, a bakin tafkin nan da ya yi suna saboda kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi. Gundumarsa ta ƙunshi Safo da Jiratawa da Gabi da Sarkin Yamma da Ɗan Isa, ta kuma yi iyaka da Jibiya ta jihar Katsina. Yaron da aka haifa a nan da Hausa yake buɗe baki, ya ɗauki allo ya koyi baƙaƙen Larabci, sa'an nan a kai shi lakwal inda tun zamanin Turawa Faransanci ne harshen karatu. Wato kafin ya cika shekara takwas ya gamu da harsuna uku da hanyoyin rubutu biyu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun na'urorin da aka yi ta kawowa domin sauƙaƙa wa irin wannan yaro da iyayensa koyon karatu da rubutu, tun daga rediyo a 1962 har zuwa wasannin kwamfuta na cikin wayar hannu. Abin da tarihin ya nuna shi ne, amfanin kowace na'ura ya rataya a kan abu biyu: harshen da take magana da shi, da kuma ko tana bai wa mai koyo damar mayar da jawabi da hannunsa.

2.0 Allo

Ba za a fahimci sababbin na'urori ba sai an dubi tsohuwar. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, wato baƙaƙe ba wasali, sa'an nan ya shiga farfaru inda ake ɗora musu wasula. Malaman Hausa sun laƙaba wa baƙaƙen sunaye na gida gwargwadon siffarsu, irin su lam'ara da mim jaye da ha kuri, yaro ya riƙa rera su har su zauna masa. Da ya ɗan tasa shi zai feƙe alƙalaminsa na gamba, ya dama tawada, ya rubuta, malam ya duba ya gyara, in ya hardace ya wanke ya sake wani. Kayan aikin duka na gida ne, ba a jiran kowa ya aiko da su daga waje. Abin da allo ya rasa shi ne, nassin da yaro yake rubutawa ba da harshensa yake ba, kuma kwafa yake yi. Sai wanda ya yi nisa ne yake kaiwa ga rubuta wasiƙa ko waƙa da ajami.

3.0 Ƙungiyoyin sauraron rediyo

An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958. Bayan samun mulkin kai, a 1962, aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a garuruwa da ƙauyuka. Yadda ake yi shi ne, mutane su taru da dare wurin akwati guda, su saurari shiri a kan noma ko lafiya ko haraji cikin harshensu, sa'an nan mai jagorantar taron ya buɗe muhawara, ya ɗauki muryoyinsu a rakoda, a aika Yamai, a tsinto wasu a saka cikin shiri na gaba. Manomi ya ji muryarsa ta fito daga akwati, ya san an ji shi. Wannan dabara ba ta koyar da rubutu ba, amma ta tabbatar da cewa talaka yana da abin faɗa muddin aka tambaye shi da harshensa.

Sauran aiki shi ne a daidaita yadda za a rubuta harshen. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin tsara baƙaƙen boko na wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Da waɗannan baƙaƙe ne azuzuwan yaƙi da jahilci na manya suka ci gaba da aiki, alhali makarantun yara suna nan kan Faransanci zalla.

4.0 Telebijin na makaranta, 1964 zuwa 1979

Babban gwaji ya zo a zamanin shugaba Diori Hamani. Ƙasar ba ta da isassun malamai, kuma yaran da ke shiga makaranta ba su kai ɗaya cikin goma ba. Da taimakon kuɗi da ma'aikatan Faransa aka kafa telebijin na makaranta, wanda aka sani da Tele-Nijar, tun kafin ƙasar ta mallaki telebijin na jama'a. An fara da aji biyu a Yamai a 1964. A 1966 aka faɗaɗa zuwa aji 20 a kewayen birnin, yara 40 a kowane aji, jimla 800.

Tsarin ya saɓa wa na lakwal ta kowace fuska. A maimakon cikakken malami sai aka ɗauko samari masu takardar gama firamare, aka ba su ɗan gajeren horo, aka sa su kula da aji. Darasi yakan zo ta akwati cikin gajerun shirye-shirye na kimanin minti goma sha biyar, da wasan kwaikwayo da zane da waƙe-waƙe, sa'an nan mai kula da aji ya bi da tambayoyi da aikin hannu. An soke maimaita aji, an rage tsoron bulala. Saboda ƙauyuka ba su da lantarki, a 1968 aka fara gwada kunna akwatin da faifan hasken rana, abin da ya sa Nijar ta shiga sahun farko na ƙasashen da suka yi amfani da wannan fasaha a karkara. Masana ilmi na ƙasashen waje, irin su Wilbur Schramm na Amurka, sun yi rubutu a kan gwajin, kuma ƙasar Kwaddibuwa ta kafa nata babban shirin a 1971 bayan ta ga na Nijar.

Sakamakon ya zo da daɗi da ɗaci. Yaran sun so makaranta, kaɗan ne suka gudu, kuma bakinsu ya buɗe da Faransanci fiye da na takwarorinsu na lakwal. Amma da aka zo ga rubutu da ƙa'idojinsa, waɗanda a kansu jarrabawar gwamnati ta dogara, sai rauninsu ya bayyana. Dalilin a fili yake. Akwati yana nunawa yana faɗa, amma ba ya ganin abin da yaro ya rubuta, balle ya gyara masa. Wanda ya kamata ya yi gyaran, wato mai kula da aji, shi kansa rubutunsa bai nuna ba. Daɗin daɗawa, ƙwararrun malamai da sufetoci sun ɗauki shirin a matsayin kishiyar da aka yi musu ba da shawararsu ba. Ga kuma tsada, domin kayan gyara da masu gyaran duka daga waje suke. Ko da aka miƙa shirin ga ƴan ƙasa aka ƙara yawan azuzuwa, bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran ƙasar ba. A 1979, zamanin Seyni Kunce, kayansa da ma'aikatansa suka zama tushen gidan telebijin na ƙasa, Tele-Sahel. Na Kwaddibuwa ma bai wuce farkon shekarun 1980 ba.

Abin lura shi ne, a shekarar da aka kunna akwatin farko, 1964, Abdu Mumuni ya fitar da littafinsa a kan ilmi a Afirka, inda ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu. Tele-Nijar ta sabunta kome na aji, in ban da harshe.

5.0 Makarantun gwaji

Amsar wannan kira ta zo ba tare da wata na'ura ba. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suke fara karatu da rubutu da Hausa, sa'an nan a shigo da Faransanci sannu a hankali. A 1974 aka kafa cibiyar INDRAP domin shirya littattafai da horar da malamai, daga baya gwajin ya haɗa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci. Dokar ilmi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, a 1999 kuma aka fitar da ƙa'idojin rubutunsu. Duk da haka makarantun sun daɗe suna ɗauke da sunan gwaji, ba su zama gama-gari ba. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yara goma masu gama firamare a Nijar, wanda ya kai matakin da ake bukata a karatu bai cika ɗaya ba.

6.0 Wayar hannu

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, cikin ƴan shekaru ta kai kasuwannin ƙauye. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services, tare da Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da abokan bincikenta, suka gudanar da shirin ABC a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram. Duk ƙauyukan sun sami ajin yaƙi da jahilci cikin harshen gida, amma a rabinsu an ƙara da koya wa ɗalibai sarrafa ƙaramar waya, mutum biyar waya ɗaya: yadda za su gane lambobi da baƙaƙe a kan madannai, su kira, su rubuta saƙo. Da aka yi jarrabawa, ɗaliban ƙauyukan waya sun fi sauran a rubutu da lissafi.

Wayar ba ta ɗauke da wani darasi a cikinta. Abin da ta kawo shi ne dalilin yin rubutu. Matar da mijinta ya tafi cin rani, ko manomin da ke son jin farashin gero a wata kasuwa, ya tarar saƙo ya fi kira araha, kuma akwai wanda zai karanta ya ba da amsa. Rubutu ya tashi daga aikin aji ya zama bukatar gida.

A 2014 aka sake wani gwaji, wannan karon har da ƙauyukan jihar Maraɗi. Nan ba a bai wa ɗalibai kome ba. Kowane mako ana kiran malamin ajin manya, da mai gari, da ɗalibai biyu, a tambayi ko an yi karatu da yawan waɗanda suka zo. Wannan ɗan kira kaɗai ya ɗaga sakamakon ɗalibai, domin malami ya san ana kula da aikinsa.

7.0 Wasan kwamfuta

Wasannin koyon karatu sun iso ƙasar Hausa ta wata doguwar hanya. A 2016 gwamnatin Norwe ta sa gasa domin a ƙirƙiro wasannin waya da za su koya wa yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta karatun Larabci. Ɗaya daga cikin biyun da suka ci shi ne Feed the Monster, wato a ciyar da dodo. Yaro yakan ji sauti, ya zaɓi baƙin da ya dace ya jefa wa ɗan dodo a baki, in ya dace dodon ya yi girma, daga baƙi a wuce zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma. Ƙungiyar Curious Learning ta mayar da shi harsuna masu yawa, ciki har da Hausa.

Masu bincike na Bankin Duniya sun gwada shi a ƙauyukan jihohin Kano da Jigawa, a gidaje fiye da 9,000 masu yara ƴan shekara 6 zuwa 9. An fara da nuna wa iyaye majigi a kan amfanin ilmi, sa'an nan aka raba wa wasu gidaje wayoyi ta hanyar ƙuri'a, ɗauke da wasan da kuma littattafan yara na Hausa, da abin cajin hasken rana. Bayan shekara guda, wadda ta faɗa cikin annobar korona ta 2020, aka tarar majigin ya rage yawan yaran da ba su zuwa makaranta da kashi 42 cikin ɗari, amma shi kaɗai bai ƙara musu iya karatu ba. A gidajen da suka sami waya ne karatu da lissafi suka ƙaru, har yayyen yaran ma suka amfana.

Wasan ya yi abin da telebijin ya kasa: yana jin amsar yaro nan take, ya gyara masa ba tare da tsawa ba, kuma da Hausa. Amma ga yaron Madarumfa akwai abubuwa uku da ya kamata masana harshe su kula da su. Na farko, ƙa'idar rubutu: Nijeriya tana rubuta 'ya'ya, Nijar tana rubuta ƴaƴa, saboda haka kayan da aka shirya a Kano ba su dace da littafin ajinsa baƙi da baƙi ba. Na biyu, karin harshe: wasan da ke haɗa sauti da baƙi ya dogara ga lafazin mai maganar da aka ɗauka, alhali yaron da ke cewa hwari da hita zai ji fari da fita. Na uku, mafi yawan aikin yaro a cikin wasan zaɓe ne daga abin da aka ajiye masa. Zaɓen baƙi yana koyar da karatu da haɗa kalma, amma bai kai ga tsara jimla domin wani ya karanta ba. Ko manya ma, da yake ƙananan wayoyi ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sun saba rubuta saƙo ba lanƙwasa, har kafa da ƙafa suka zama abu ɗaya a ido.

8.0 Kammalawa

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masu nazarin harshe nauyin da bai tsaya ga littattafai kaɗai ba. Tarihin shekara sittin ya nuna inda ya kamata a sa ƙarfi: a ɗauki muryoyin wasanni da lafazin da yara suka sani, a bi ƙa'idar rubutun 1999, a samar da madannai masu baƙaƙen lanƙwasa, a kuma shigar da malamin aji cikin shiri tun daga farko, kada a maimaita kuskuren Tele-Nijar. Bayan haka, duk yaron da ya gama ciyar da dodo a waya yana bukatar allo ko takarda, da wanda zai rubuta wa, da malamin da zai duba abin da ya rubuta.