Amigdal: Tarihin Kalmar da Irin Dutsen da Take Nufi

Amigdal suna ne da masana ilimin duwatsu suka ba ɗan ramin da ke jikin dutsen aman wuta, wanda wani ma'adini ya zo daga baya ya cike. Asalin kalmar Girkanci ne, sunan ɗan itacen nan da Larabawa ke kira lauz, kuma ta hanyar Latin ta shiga harsunan Turai. Jamusawa da nasu harshen suka raɗa wa dutse mai irin waɗannan ramuka suna, Mandelstein, wato dutsen lauz. Wanda bai taɓa ganin lauz ba ya tuna ƙwallon aduwa, ciki a kumbure, baki a tsuke. Likitoci ma sun ari kalmar sun sa wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, amma kama ce kawai ta haɗa su.

Siffa ce ta jawo sunan, sai dai abin da kalmar ke ɗauke da shi a yau labarin yadda dutsen ya samu ne. Narkakken dutse yana tasowa daga ƙarƙashin ƙasa da tururi da iska a narke cikinsa. Da ya iso sarari sai nauyin da ke danne shi ya ragu, iskar ta yi kumfa kamar an buɗe lemon kwalba, dutsen ya daskare da ramuka irin na cikin funkaso. In yana malala lokacin da yake sandarewa, kumfar kan miƙe ta yi tsawo, nan siffar lauz ta samo asali. Bayan shekaru masu yawa ruwa mai ɗumi yakan ratsa dutsen, ya riƙa ajiye abin da ya narko a bangon ramin, shafi kan shafi, daga waje zuwa ciki: kalsit, ziyolait, aƙiƙ, wani lokaci har jan ƙarfe. Muddin ramin fanko ne, ba a kiransa amigdal.

An daɗe ana jayayya kafin a kai ga wannan fahimta. Abraham Werner, wanda ya fara koyarwa a makarantar ma'adinai ta Freiberg a 1775, ya tafi a kan cewa baƙin dutsen basal daga ruwan teku ya kwanta. James Hutton na Sukotlan ya ce daga wuta ya fito, kuma ya zarce har ya ɗauki abin da ke cikin ramukan shi ma a narke yake tun farko. Nicolas Desmarest ya riga ya bi sawun basal a yankin Auvergne na Faransa har bakin tsofaffin duwatsun aman wuta tun 1763. Da ƙura ta lafa sai ga kowa da rabin gaskiya a hannu: jikin dutsen aikin wuta ne, cikon ramin kuwa aikin ruwa ne.

Da wannan ma'auni ya kamata a dubi duwatsun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a ga ko ramukan da ke jikinsu sun cancanci sunan amigdal. Yankin nan yana zaune ne a kan tsohon dutsen tushe, giranit da duwatsun da zafi da matsi suka sauya, kuma giranit ɗin ya kai kimanin shekara miliyan 600. John Falconer ne, a littafinsa na 1911 kan duwatsun Arewacin Najeriya, ya raba shi da ƙaramin giranit irin na Jos, ya kira shi tsoho. Can cikin ƙasa giranit ɗin ya huce a hankali, ƙarƙashin nauyin da ba ya barin iska ta yi kumfa yadda take yi a sarari. Saboda haka kwarmin da ruwan sama ke taruwa a kan fa, da aljihun da mai haƙa kan tarar cikin jijiyar farin dutse da ƙyalƙyali a bangonsa, kowanne yana da nasa sunan da nasa dalilin, ko da ya yi kama da lauz sak. Farar ƙasar da aka san Ƙanƙara da ita ma ruɓewar ma'adinin cikin waɗannan duwatsu ce ta haifar da ita. Mai neman basal mai ramuka, tudun Biu a Borno ko Panyam da Kerang a Filato ya kamata ya nufa.

Wani zai ce wannan ƙaƙale ne, tunda ido ya ga siffar lauz, me zai hana a faɗi sunan? Amsar ita ce siffar kanta ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Akwai amigdal mai zagaye kamar gujjiya, akwai mai tsawo kamar bututu da kan fito a gindin malalar, yayin da ƙananan kumfa ke taruwa a samanta, har masana kan gane da su inda saman dutsen yake ko da ƙasa ta kifar da shi. Ƙalubale mafi nauyi shi ne na masu cewa cikin sauyayyun duwatsun da suka ratsa Malumfashi da Birnin Gwari akwai waɗanda asalinsu basal ne. Haka ne, amma matsin da ya sauya su yakan murƙushe ramukan. In an dace da wanda ya tsira, babbar shaida ce cewa dutsen ya taɓa malala a sarari ko a gindin ruwa, kuma shaidar za ta yi nauyi ne kawai in ba a saba jefa sunan a kan kowane rami ba.

Maganar tana taɓa aljihu kuma. A yankin Keweenaw na jihar Michigan ta Amurka, mahaƙan ma'adinai irin su kamfanin Quincy sun bi shimfiɗun basal mai amigdal, mai shekara fiye da biliyan ɗaya, suka yi ta fitar da jan ƙarfe tsantsa daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa cikin ƙarni na 20. Ziyolait ɗin Pune da Nashik a Indiya daga ramukan basal na Deccan yake. Garin Idar-Oberstein na Jamus ya yi suna da sassaƙa aƙiƙ na irin wannan dutse, da nasu ya yi ƙaranci suka koma shigo da na kudancin Barazil, kuma cikin abin da suka sassaƙa a ƙarni na 19 har da kayan adon da aka riƙa kawowa kasuwannin Sahara da Afirka ta Yamma.