Ido Da Yawa Ya Fi Madubi Ɗaya: Yadda Aka Fara Bin Sawun Taurarin Ɗan'adam

A shekarar 1956, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke shirin harba taurarin ɗan'adam na farko, wata tambaya ta tsaya wa masana a rai: idan abin ya hau sama, ta yaya za a san inda yake? Manyan madubban hangen nesa na wancan zamani ba su dace da aikin ba. An ƙera su ne don su ƙura wa ɗan ƙaramin yanki na samaniya ido, alhali tauraron ɗan'adam kan ratsa sama cikin 'yan mintoci.

Fred Whipple, shugaban cibiyar nazarin taurari ta Smithsonian, ya tanadi hanyoyi biyu. Ta farko mai tsada ce: kyamarori 12 da ake kira Baker-Nunn, da sunan James Baker wanda ya tsara gilasansu da Joseph Nunn wanda ya tsara injinsu. Faɗin bakin kowace ya kai santimita 50, kuma an rarraba su a ƙasashe irin su Afirka ta Kudu, Indiya, Iran da Peru. Sai dai kafin kyamarar ta yi amfani, dole a gaya mata wajen da za ta duba.

Hanya ta biyu, mai araha, ita ce shirin Moonwatch na 'yan sa-kai. Madubinsu ƙarami ne, bakinsa kusan santimita 5, ba ya girmama abu sosai amma yana ɗaukar fili mai faɗi. An maƙala masa gilashi a karkace, ta yadda mai kallo zai zauna ya sunkuya kan tebur yana ganin sama ba tare da wuyansa ya ƙage ba. Masu kallo kan jeru, kowa da yankinsa a kan layin da ya taso daga arewa zuwa kudu, har su zama shinge. Lokacin aikinsu bayan magariba ne da kafin asuba, sa'ad da ƙasa ta yi duhu amma rana na haska abin da ke can sama. Da zarar ya ƙetare layin, sai a rubuta daƙiƙar, a aika wa cibiyar don lissafin hanyarsa.

Ranar 4 ga Oktoban 1957 Sobiyet ta harba Sputnik, tun ba a gama kafa kyamarorin Baker-Nunn ba. Malaman makaranta, ɗalibai da ma'aikata ne suka rufe giɓin da ƙananan madubbansu. Shirin ya ci gaba har 1975.

Abin da wannan tarihi ya tabbatar shi ne, a aikin bin sawu, faɗin gani, yawan wuraren kallo da daidaiton agogo sun fi girman gilashi. Mai araha ya gano, mai tsada ya auna. A yau da dubun-dubatar tarkace ke kewaya duniya, kyamarar zamani da kwamfuta sun maye gurbin idon mutum, amma tsarin bai sauya ba. Saboda haka jami'a ko ƙasar da ba ta da kuɗin harba roka tana iya shiga wannan fage, muddin tana da sararin sama garau da agogon da ba ya kuskure.