Haruna Dula, mutumin da ya kai Mena Gabon

Mu a Buza kokawa muka sani. Idan lokacin gasar takobi ya zo, har tsofaffi sai sun manne kunne da rediyo. Ƙwallon ƙafa kuwa, na Turai muke kallo a gidan kallo, domin ƙungiyar ƙasarmu Mena ba ta taɓa ba mu dalilin da za mu bar shan shayi saboda ita ba. Mutumin da ya canza mana wannan shi ne Haruna Dula Gabde, kuma ina ganin ba mu riƙe tarihinsa yadda ya kamata ba.

Ɗan ƙasa ne, ba daga waje aka ɗauko shi ba. A neman gurbin gasar cin kofin Afirka ta 2012 aka jefa Nijar rukuni ɗaya da Masar, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Masar ɗin nan ita ce ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Kowa ya ce an gama da mu tun kafin a busa usur. Sai ga shi a watan Oktoba na 2010, a filin Janar Seyni Kunce da ke Yamai, Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo ɗaya a ragar Masar, aka tashi a haka. Dabarar Dula ba ɓoyayya ba ce: duk wanda ya shigo Yamai sai ya bar maki uku. Saliyo ta sha 3 da 1, Afirka ta Kudu ta sha 2 da 1. A waje kam, duk wasannin uku an doke mu, ba sai na ɓoye ba.

Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, ina Madawa wajen wani ɗan'uwana. Masar ta zuba mana uku, muka watse jiki a sanyaye. Can a Afirka ta Kudu kuwa, 'yan wasansu sun tashi canjaras da Saliyo, suna ta rawa a fili, sun ɗauka yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Ashe ba su karanta doka ba. Ƙasashe uku kowacce na da maki 9, kuma abin da ake dubawa shi ne sakamakon karawarsu da juna. Nijar na da 6, su biyun 5 kowacce. Sai da dare ya yi muka ji labari, garin ya ruɗe da ƙahon babura. A watan Disamba hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓi Dula gwarzon mai horarwa na shekarar 2011.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. Ana gab da tafiya Gabon, hukumar ƙwallon ƙasa ta kawo Bafaranshe Rolland Courbis, wai mai ba da shawara. Gabon ta doke mu 2 da nema a wasan farko, nan take aka miƙa wa baƙon ragama, gwarzon Afirka ya koma gefe. To me ya canza? Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko ta ci mu 1 da nema, muka dawo ba maki ko ɗaya. Courbis bai daɗe ba ya kama gabansa, aka kawo Gernot Rohr.

Dula bai bar aikin ba. A farkon 2023 shi ya ja 'yan wasan cikin gida zuwa gasar CHAN a Aljeriya, irin gasar da ya kai Nijar zagayen ƙasashe takwas a Sudan a 2011. Wannan karon sun fitar da Ghana da ci 2 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe, inda masu masaukin baƙi suka zuba musu biyar. Na huɗu suka zo a Afirka. Wasan Ghana a Keita na kalle shi, kuma yaron da ke zaune kusa da ni sai da ya tambaye ni sunan dattijon nan da ke tsaye a bakin layi.