TARIHI: Yadda aka fara sauya ƙofar zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba

Tarihinmu na yau ya shafi wata cuta da ta fi kama dattawa, da yadda likitoci suka samo mata magani bayan shekaru ana cewa ba zai yiwu ba.

A zuciyar mutum akwai ƙofofi huɗu. Ɗaya daga cikinsu tana bakin babbar jijiyar da ke kai jini ga dukkan jiki. Idan shekaru suka ja, sinadarin kalsiyam kan taru a kanta, ta sandare, ta ƙi buɗewa sosai. Sai zuciya ta riƙa wahala wajen tura jini, mutum ya fara haki, da ciwon ƙirji, wani lokaci har da suma. Tun 1968 likitoci biyu a Amurka, Ross da Braunwald, suka nuna cewa da zarar waɗannan alamu sun bayyana, akasari shekara 2 zuwa 5 ce ta rage wa mai ita idan ba a yi aiki ba.

Daga 1960 aka fara sauya ƙofar ta hanyar tiyata. Ana tsaga ƙashin ƙirji, a tsayar da zuciya, wata na'ura ta riƙe aikinta, a yanke tsohuwar ƙofa a ɗinka sabuwa. Aikin ya ceci mutane da yawa, amma tsoho mai shekara 85 da ke fama da ciwon ƙoda ko na huhu ba zai jure shi ba. Wani bincike a Turai ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na irin waɗannan dattawa ba a yi musu tiyatar.

Wannan ne ya dami Dakta Alain Cribier na asibitin Charles Nicolle da ke birnin Rouen a Faransa. A 1985 ya zura siririn bututu ta jijiya har zuwa zuciya, ya hura balan-balan ya buɗe ƙofar. Marasa lafiya sun samu sauƙi, amma cikin shekara guda ƙofar kan sake tsukewa a wajen yawancinsu.

A 1989 wani likitan ƙasar Denmak, Henning Rud Andersen, ya ɗinka ƙofar zuciyar alade cikin ragar waya, ya matse ta, ya zura ta ta jijiya a jikin alade mai rai, kuma ta yi aiki. Manyan mujallu suka ƙi buga bincikensa, sai a 1992 ya fito. Shi ma Cribier ya yi shekaru yana neman kamfanin da zai ƙera masa irin wannan ƙofa ta mutane, kowa ya juya masa baya. A 1999 shi da abokansa suka kafa nasu ƙaramin kamfani, suka yi ta gwaji a kan tumaki.

Ranar 16 ga Afrilu 2002 aka yi aikin farko a jikin ɗan Adam. Mutumin yana da shekara 57, zuciyarsa ta kusa tsayawa, kuma likitocin tiyata sun ce ba za su iya taɓa shi ba. Cribier ya bi ta jijiyar cinya, ya kai sabuwar ƙofa da aka yi da tantanin zuciyar saniya, ya buɗe ta a cikin tsohuwar. Nan take jini ya fara gudu yadda ya kamata. Mutumin ya rasu bayan wata 4 saboda wasu cututtukan daban, amma ƙofar tana aiki har ƙarshensa.

A 2004 kamfanin Edwards Lifesciences ya sayi kamfanin nasu. A 2007 Turai ta amince da aikin, wanda ake kira TAVI. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a kan mutum 358 da ba za a iya yi wa tiyata ba: cikin shekara guda, kusan kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka saka wa ƙofar ne suka rasu, alhali a ɗaya ɓangaren kusan kashi 51 ne. Amurka ta amince a 2011, sannan a 2019 ta faɗaɗa shi har ga waɗanda haɗarin tiyata a wajensu kaɗan ne. Yau a wurare da yawa majinyaci kan koma gida bayan kwana ɗaya ko biyu, ko da yake aikin yana da tsada, kuma yana da nasa haɗarin, kamar shanyewar ɓarin jiki.

Cribier ya rasu a watan Fabrairu 2024 yana da shekara 79.

'Yan uwa, idan baba ko inna ta fara haki a ɗan gajeren tattaki, ko jiri yana ɗibarta, kada mu ce tsufa ne kawai. Likita kan iya jin alamar wannan cuta da abin sauraren ƙirji, hoton zuciya kuma ya tabbatar. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.