Hoton Sarki Bayan Cin Yaƙi: Bini, Kusuri da Burmi, 1897 zuwa 1903

Kalmar nan hoto baƙuwa ce a bakin Bahaushe, daga wajen Turawa aka aro ta. Tun cikin shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, amma ta daɗe ba ta shigo cikin ƙasa ba, nesa da bakin teku. Baturen nan matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya shiga Kano cikin 1851, da alƙalami kuwa ya zana abin da idonsa ya gani. Akwatin ɗaukar hoto bai zama sananne a waɗannan ƙasashe ba sai da ya biyo sawun bindiga mai ruwa.

Tsakanin 1897 da 1903 Turawa suka ka da manyan masu mulki uku, watau Oba Ovonramwen na Bini, da Rabe mai Dikwa, da Sarkin Musulmi Attahiru na Farko. Kowannensu da ya faɗi sai aka kafa masa akwati. Niyyar masu kafawar ɗaya ce, a sami shaidar da ba ta musantuwa cewa mai ƙasa ya faɗi. Amma abin da hotunan nan suka aikata a zukatan mutane daga baya ya sha bamban ƙwarai, dalilin bambancin kuwa ba a jikin takardar ya ke ba.

Mayaƙan Ingila sun ci birnin Bini cikin watan Fabrairu na 1897, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fada, birnin ya ƙone. Oba ya yi watanni a ɓoye cikin daji, sa'an nan ya miƙa wuya cikin watan Agusta. Aka yi masa shari'a, aka yanke a kai shi Kalaba. A kan jirgin ruwan gwamnati mai suna Ivy aka ɗauke shi hoto. Ga shi zaune bisa kujera, ba kambin murjani a kansa, da mari a ƙafafunsa, sojoji baƙaƙen fata na tsaye a kansa da bindigogi. Wanda ya san al'adar Bini ya san girman abin da aka yi. Sarki ne wanda talakawansa ba su ganinsa sai ran biki, lulluɓe da murjani tun daga ka har ƙafa, ga shi yau an shimfiɗa fuskarsa a jaridun Ingila, kowane mai kwabo ya saya ya kalla.

Duk da haka fuskar ba ta yi wa masu ita aikin da suka so ba. Oba bai sunkuyar da kai ba. Ya ɗaure fuska, ya ƙura wa akwatin ido kamar mai sauraron ƙarar da aka kawo gabansa, har mai kallo ya kan rasa wa ke tsaron wani tsakaninsa da sojojin. Wani abin lura kuma, mai ɗaukar hoton ba Bature ba ne. Sunansa Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny ne, ɗan ƙasa, ya rasu cikin 1905 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Da ya ke hatiminsa J. A. Green kawai ya ke nunawa, an daɗe ana zaton Bature ne, sai binciken baya ya tone asalinsa. Ba a iya shiga zuciyar Green a faɗi abin da ya nufa. Abin da ke a fili shi ne ya zaunar da Oba yadda ya saba zaunar da manyan attajirai da sarakunan bakin teku masu biyansa kuɗi, a tsakiya, da fuska sosai, kowa na kewaye da shi.

Oba ya rasu a Kalaba cikin 1914, aka naɗa ɗansa Eweka na Biyu. Sannu a hankali mutanen Bini suka karɓe hoton ya zama nasu. Maƙeran tagulla na unguwar Igun suna zuba surar Oba cikin jirgi da sojoji kewaye da shi, masu zane suna kwaikwayonta, ana rataye ta a ɗaka. Takardar da aka buga don a nuna ƙasƙancinsa ita ce jikokinsa ke nunawa don a ga bai rusuna ba.

Labarin Rabe gajere ne ta wannan fuska. Ya fito daga Sudan, ya ci Barno cikin 1893, ya rushe Kukawa, ya zauna Dikwa. Ran 22 ga Afrilu 1900 rundunonin Faransa uku da suka haɗu, ɗaya daga Aljeriya ta Agadas da Damagaram, ɗaya daga yamma, ɗaya daga Kwango, suka auka masa a Kusuri, inda kogin Logon ya haɗu da Shari. Aka kashe shi, shi ma Lami shugaban mayaƙan Faransa ya mutu a wannan rana. Aka sare kan Rabe, aka ɗaga shi gaban akwati, surar ta shiga littattafai da jaridun Faransa. Ga Bafaranshe na lokacin hujja ce cewa an kau da mai cinikin bayi. Ga Babarbaren da ya ga kufan Kukawa da wuya ta zama abin kuka. Rabe baƙo ne a ƙasar da ya mallaka da ƙarfi, bai bar jama'ar da za ta rungumi hotonsa ta yi makoki ba. Wanda ya kalle shi yau tsigar jikinsa ta kan tashi, amma abin da ya ke gani ɗanyen aikin masu sarewa ne fiye da darajar wanda aka sare.

Na Burmi shi ne mafi nauyi ga mai karatun Hausa, shi ne kuma ba a cika gani ba. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ran 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai fi wata biyar bisa gado ba, ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira. Gwamna Lugga ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, a madadinsa, yana zaton magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Duk inda Attahiru ya ratsa sai mutane su bar gonakinsu da gidajensu su bi shi, sarakai da malamai da talakawa, ga kuwa damina ta kawo kai. Akwai tsohuwar magana a ƙasar, wadda a ke dangantawa ga Shehu Usmanu, cewa ƙarshen al'amarin jama'arsa ƙaura ce zuwa gabas a tarbi Mahadi. Abin da ya tsorata Turawa ke nan. Sarkin da ya gudu ba kome ba ne a wurinsu, amma ƙasar da ta tashi ta bi shi ba ta mulkuwa.

Aka yi karo na farko a Burmi, kusa da kogin Gongola cikin ƙasar Gombe, ran 13 ga Mayu, mutanen garin suka kori Kyaftin Sword. Ran 27 ga Yuli Turawa suka komo da ƙarfi. Aka wuni ana yaƙi, Manjo Marsh da ke jagorantarsu ya mutu da kibiya mai dafi, aka kashe fiye da mutum 600 daga cikin masu tsaron garin. Aka sami gawar Sarkin Musulmi tare da 'ya'yansa biyu, gawawwakin mutanensa wajen 90 kewaye da ita. Masu tarihi sun rubuta cewa aka sare kansa, aka ɗauki hoton kan, aka rarraba cikin ƙasar Arewa don kowa ya sakankance ya mutu.

Ya kamata a tsaya a duba hankalin da ke bayan wannan aiki. Turawan sun san jita-jita ta fi doki sauri, sun san kuma muddin ana cewa Attahiru na da rai hanyar gabas ba za ta rabu da ayari ba. Suka dogara ga abin da Bahaushe da kansa ya ke faɗi, gani ya kori ji. Amma sun yi kuskure wajen sanin mutanen da za su nuna wa. A ƙasar da alƙali ke tabbatar da mutuwa da bakin shaidu adalai, takarda mai sura ba ta da matsayin shaida, balle ta fito daga hannun wanda ya yi kisan. Mafi girma kuma, gawar Musulmi tana da hurumi. Haƙƙinta sutura ne, kuma shari'a ta hana a yi wa gawa kaca-kaca ko da ta abokin gaba ce a fagen fama. Saboda haka duk malamin da aka miƙa wa wannan takarda, abu biyu zai karanta a ciki: Sarkin Musulmi ya yi shahada, waɗanda suka kashe shi kuma ba su san haƙƙin mamaci ba. Ko ɗaya daga cikin biyun ba ya sa mutum ya sauke kayansa ya zauna.

Hijirar kuwa ba ta tsaya ba. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira daga Burmi, ya ja sauran jama'a suka bi ta ƙasar Cadi har Sudan. Suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda har yanzu sunansa Mai Wurno, zuriyarsu na can.

A nan ne bambancin Bini da Burmi ya fito sarai. Mutanen Bini sun gaji al'adar ajiye tarihin sarakunansu cikin sura, da tagulla da hauren giwa, tun ƙarnuka kafin zuwan akwati, hoton da aka bar musu kuma na mai rai ne wanda ya riƙe girmansa. Suna da inda za su sa shi. Mutanen Daular Usmaniyya da alƙalami da baki suka saba ajiye nasu, malamansu ma ba su sakin jiki da surar mai rai, abin da aka bar musu kuwa al'aura ce wadda ɗa ba ya kallo a jikin ubansa. Ba wanda ya rataye ta a zaure. Ba mantuwa ce ta sa haka ba, gama an riƙe Burmi cikin waƙoƙin ajami da labarin tsofaffi da ziyarar kaburbura. Malamin makaranta da ke neman hoton da zai ɗaga wa almajiransa a darasin 1903 ya kan ga na Turawa birjik, hafsoshi a jere da hulunansu, na ɗaya ɓangaren kuwa ƙalilan. Kada ya ɗauka rashin hoton rashin shaida ne. Ya dai tambayi almajiran wa ke riƙe da akwatin a ranar, wa kuma aka nufa ya gani.

Abin da jama'ar Sakkwato suka karɓa da hannu biyu daga Burmi wani abu ne dabam. Tutar da aka yi yaƙi a ƙarƙashinta, wadda Turawa suka ɗauke daga fagen fama, ta shekara hamsin da bakwai a hannun soja. Cikin 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, aka mayar da ita Sakkwato, aka damƙa ta ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a gaban taron jama'a.