Na'ura a Hannun Wa? Nazarin Shigar da Fasahar Zamani cikin Koyarwa a Makarantun Firamare na Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar wasu shirye-shiryen kai na'urori makarantu a Nijeriya da Peru da Kenya, ta auna su da ra'in koyo mai ma'ana na David Ausubel. Nazarin ya nuna cewa yawan na'urori a aji ba ya haifar da fahimta. Abin da ya fi tasiri shi ne wanda ke riƙe da na'urar, da harshen da darasi ke zuwa da shi.

Gabatarwa

Tun 2010 Nijeriya ke da manufar ƙasa kan amfani da fasahar sadarwa a harkar ilimi, aka sake duba ta a 2019. A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, lamarin da ya sa ɗalibin da bai taɓa dafa allon rubutun na'ura ba ya shiga zauren jarrabawa da nauyi biyu. Rufe makarantu a Maris 2020 saboda annobar korona ya ƙara wa batun zafi. Sai dai yawancin muhawarar ta tsaya ne a kan saye da rabo. Ba a cika tambayar me ɗalibi ya fahimta bayan an kunna na'urar ba.

Ra'in Bincike

Ausubel, a ayyukansa na 1963 da 1968, ya bambance koyo mai ma'ana da hadda tsagwaronta. A ganinsa, sabon ilimi yana zama ne idan ya sami abin da zai maƙale da shi a cikin sanin da ɗalibi yake da shi tun farko. A 2006 Mishra da Koehler suka ɗora kan aikin Shulman na 1986, suka fito da tsarin da aka sani da TPACK, wanda ke cewa malami na buƙatar sani uku a haɗe: sanin darasi, sanin dabarar koyar da shi, da sanin na'urar da ta dace da su biyun.

Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

A 2007 aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci, ƙarƙashin shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Gwajin ya sha yayatawa, amma bai bazu a ƙasar ba. Peru ce ta rungumi shirin hannu bibbiyu. Binciken da Cristia da abokan aikinsa suka fitar a 2012, kan makarantun karkara 319, ya gano cewa bayan watanni 15 kusan kowane yaro ya sami na'ura, amma sakamakon lissafi da na harshe bai motsa ba. An ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, yaran kuma sun iya sarrafa na'urar. Darasin malami dai bai sauya ba.

Gwajin Kisumu a Kenya, wanda Piper da abokan aikinsa suka yi bayaninsa, ya fi dacewa da halin da makarantunmu ke ciki. An kasa makarantu rukuni uku: a wasu an bai wa yara na'urar karatu, a wasu an bai wa malamai kwamfutar hannu, a sauran kuma jami'an da ke zagayawa duba malamai kawai aka bai wa. Duk rukunan suna da littattafai iri ɗaya da horo iri ɗaya, kuma dukkansu sun fi makarantun da ba a taɓa ba. To amma ƙarin kuɗin da aka kashe wajen bai wa kowane yaro na'ura bai kawo ƙarin da ya kai tsadarsa ba. Hanya mafi arha, ta jami'an dubawa, ita Kenya ta ɗauka cikin shirin Tusome daga 2015.

Tattaunawa

Idan aka ɗora waɗannan sakamako kan ra'in Ausubel, dalilin a fili yake. Na'ura ba ta san abin da yaro ya zo da shi daga gida ba. Malami ne ya san cewa yarinyar da ke tallar ƙosai ta riga ta iya ragi da canji, abin da ya rage shi ne a nuna mata yadda ake rubuta shi. Manhajar da ta fara da Turanci, da misalan da yaron Ɓatagarawa bai taɓa gani ba, hadda za ta ƙara masa, ko da kuwa da hotuna masu motsi ta zo. Wannan ya sa shirye-shiryen karatu da Hausa irin su RANA a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, suka cancanci zama tushen duk wata manhaja ta ƙananan azuzuwa. Haka ma dandalin Nigeria Learning Passport, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022: ya kamata a auna shi da abin da malami ya iya yi da shi a aji mai yara sama da ɗari, ba da adadin waɗanda suka yi rajista kawai ba.

Akwai kuma abin da masu tsara manufa kan raina, wato rediyo. A lokacin korona jihohi irin su Kano da Kaduna sun koma gare shi, domin shi ne ba ya buƙatar data ko wutar lantarki. Tun 1974 aka gwada koyar da lissafi ta rediyo a Nikaraguwa, inda mai gabatarwa kan yi tambaya ya dakata yara su amsa, malamin aji kuma ya ƙarasa. Wayar da ke aljihun malami a yau za ta iya ɗaukar irin waɗannan darussa da Hausa, a haɗa ta da ƙaramar lasifika mai caji da hasken rana. Binciken da ya kamata kwalejojin ilimi su sa a gaba shi ne gwada wannan tsari a makarantun karkara har tsawon zango uku, a kwatanta shi da na ɗakin kwamfuta ta fuskar kuɗi da sakamakon karatu.